Baƙin da Ba na Tawada Ba

Shafi na 19

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau.

Jama'ar gidan nan, sannunku da haƙuri, in ma kuna da shi. Kwana biyu kacal ban leƙo ba, an cika mini waya da saƙo sai ka ce ni na kwantar da Inuwa. Wata baiwar Allah har cewa ta yi in ya mutu ba ni ba ita. To 'yar'uwa, rai ba a hannuna yake ba. Yadda kakata ta ba ni labarin nan haka nake ba ku, ban ƙara gishiri ba. Masu zagin Malam Ɗahiru kuma ku ɗan sarara, ku gama karanta na yau tukuna, sannan ku zaɓi wanda za ku zaga.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Garin Burumburum, daminar shekarar 1955. Inuwa lebura ne a haƙar kuza ta Riruwai. Bai daɗe da zama helma, wato shugaban leburori, ba ciwon ciki ya kada shi, aka kawo shi gidan mahaifinsa Malam Ɗahiru. Yau kwana goma sha biyu ke nan yana kwance, ciki na murɗa, ga gudawa baƙa ƙirin. Malam ya ce sammu aka ba shi a abinci don hassadar helmanci, kuma baƙin nan tawadar rubutun sha ce take janyo sammun waje. Matarsa Baraka ce mai jinya. Mun tsaya a hantsin Alhamis, inda babbar motar kamfani ta ci birki a ƙofar gida.

*

Lado direba bai ma kashe motar ba. Ya leƙo ta taga.

"Likita, ka ga hadarin can na gabas? In ya sauka kafin mu haye rafi, to a nan za mu yi sati. Gaisuwa kawai za ka yi ka fito."

Wanda yake wa magana shi ne Hamman, malamin asibitin kamfanin kuza, wanda leburori ke ce wa likita. Kano za shi ɗauko magani. Ya saɓa jakarsa, ya yi sallama a zaure.

Malam Ɗahiru na zaune a kan buzu, allo a cinya, kurtun tawada a gefe. Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen aya.

"Wa alaikumus salam. Maraba da mutanen Riruwai."

Hamman ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam. Mun same ku lafiya? Ya mai jiki?"

"Wancan ɗin? Alhamdu lillahi, sauƙi sai ƙaruwa yake."

Wancan ɗin. Haka Malam yake ce masa. Inuwa ɗan fari ne, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ba mahaluƙin da ya taɓa jin sunan ya fito daga bakin uban. In zai kira shi ya ce "kai", in zai yi zancensa ya ce "wancan". 'Yan zamani, kada ku ce ƙiyayya ce, kunya ce irin ta mutanen da. Amma Inuwa ya taɓa gaya wa Baraka, yana dariya, cewa shi har yau bai san yadda sunansa yake a bakin Malam ba.

"Yana cin abinci, Malam?"

"Wanda ake fitar wa da sammu, ina shi ina abinci? Sai an gama share ɗaki ake shimfiɗa."

"Gudawar fa? Ta tsaya?"

Nan fuskar Malam ta washe.

"Ai ita ce abin godiya, ɗana. Baƙi ƙirin take fita. Ka san tawada ba ta shiga ciki ta fito ita kaɗai, abin da maƙiya suka ajiye take kamowa. Jiya sau biyar. Duk wanda aka fitar sai na ce Allah ya ƙara."

Hamman ya ɗago kai da sauri.

"Baƙi, Malam?"

"Ƙirin."

"Allah ya gafarta Malam, a ba ni izini in gan shi."

Malam ya jingina allon da bango, ya miƙe da kansa ya wuce gaba.

A ɗakin da ke daf da zaure aka kwantar da Inuwa. Inna Saude, mahaifiyarsa, na bakin ƙofa tana korar ƙuda da faifai. Da Baraka ta ji muryar surukinta sai ta ja mayafi ta sulale bayan zana, inda take jin komai ba a ganinta.

Hamman ya tsaya cak. Mutumin da ya sani yana ɗaga kwanon ƙasa shi kaɗai, wanda sai mutum biyu sun kama wa wani, shi ne wannan a kan tabarma, haƙarƙari a waje, leɓe ya tsattsage.

"Inuwa. Ka gane ni?"

"Likita..." Muryar da kyar ta fito. "Ruwa."

Hamman ya ja fatar idonsa ƙasa. Fari fat, ko ɗigon ja babu. Ya buɗe tafin hannunsa, shi ma haka. Ya riƙe wuyan hannun yana duban agogo, jijiyar na gudu amma ba ƙarfi. Ya ɗan tallafo shi zaune, nan take idon Inuwa ya juya, kansa ya langaɓe. Hamman ya yi maza ya mayar da shi.

"Ina ne yake maka ciwo?"

Inuwa ya ɗora hannu a ƙahon zuciya.

"Nan. Kamar an zuba garwashi."

"Tun yaushe?"

"Tun muna rami. In na ji yunwa ya fi tashi."

Hamman ya juyo. "Wa ke fitar da kaskon bayan gidansa?"

"Matarsa," in ji Inna Saude.

"A kawo mini na ƙarshe in gani."

"A'uzu billahi!" Inna Saude ta dafe ƙirji. "Ƙazanta za ka duba? Yau ga abin da ya ishe ni. Ai an zubar tuni."

Ba a zubar ba. Tun da Baraka ta ji kukan mota daga nesa ta ɓoye kaskon a bayan rumbu. Sai ga hannu ya miƙo ta gefen zana, kasko rufe da tsohon faifai.

Hamman ya fita da shi haske, ya buɗe. Warin da ya taso sai da Inna Saude ta toshe hanci da gefen zane. Ya karyo tsinke daga zana ya taɓa. Abin ya kama tsinken yana jan zare kamar danƙo, yana ƙyalli. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe.

"Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa kan abin da zan faɗa."

"Faɗi."

"Wannan ba tawada ba ce. Jini ne."

Malam ya yi ɗan murmushi irin na babba ga yaro.

"Jini ja ne, ɗana. Wannan ko ba a je makarantar Turawa ba an sani."

"Ja ne in ya fito daga kusa, kamar na basir ko atuni. Wannan daga sama yake tahowa. Akwai gyambo a cikin tumbinsa, ya ci har ya taɓa jijiya. Jinin na tsiyaya a ciki, cikin kuma yana dafa shi kamar yadda yake dafa abinci. Kafin ya kai ƙasa ya ƙone ya zama baƙi. Shi ne yake tsinka masa ciki yana gudawa. Malam, dubi idonsa. Jininsa ne yake ƙarewa."

"Uhm."

"Ni ba ni da maganin wannan a jakata. Sai asibitin birni, a ƙara masa jini, in ta kama a yi masa aiki. Ga mota a ƙofa. In ta wuce sai wata Alhamis, in rafi ya bari."

Malam ya gyara tsayuwa, ya goya hannu a baya. Duk wanda ya yi karatu a gabansa ya san wannan tsayuwar.

"Zan tambaye ka, ka ba ni amsa. Ranar Lahadi aka kawo shi. A lokacin baƙi yake yi?"

"Ban sani ba, Malam."

"Ni na sani. Ba baƙi yake yi ba. Na fara masa rubutu, allo uku kullum. Ranar Talata baƙi ya fara fita. Da hannuna nake dafa tawadar nan, gawayi da ƙaro. Ka zuba baƙi ta sama, baƙi ya fito ta ƙasa, sannan ka zo ka ce mini jini ne?"

Ku faɗi gaskiya, masu karatu, in ku ne me za ku ce? Maganar tsohon nan ba ta mahaukaci ba ce. Abin da idonsa ya gani yake faɗa.

"Gawayi yana iya duhunta bayan gida, Malam, ban musa ba. Amma ba ya danƙo haka, ba ya wannan warin."

"Wari? Sammu ne zai yi ƙamshi?"

"To da za a dakatar da rubutun kwana biyu a gani. In baƙin ya tsaya, tawada ce, ni na yi kuskure. In bai tsaya ba..." Hamman ya dubi ƙofar ɗakin. "Sai dai ba na jin yana da kwana biyun."

"A dakatar da Alƙur'ani," in ji Malam a hankali, "don a gwada maganarka."

"Ba haka nake nufi ba, Allah ya gafarta..."

"Na ji abin da kake nufi. Aiki ya zo gangara, sammu ya kusa ƙarewa, sai in ɗauke shi in ɗora a bayan mota yini guda, in kai wa masu wuƙa. Mun gode da zumunci. Allah ya kiyaye hanya."

Daga waje Lado ya danna oda har sau biyu.

A bayan zana Baraka ta cusa gefen mayafi a baki. Ita 'yar mahauta ce, a Tudun Wada aka haife ta, ta tashi tana wanke ƙwaryar jini a gidan ubanta. Shekara bakwai tana gidan nan, har yau in ta yi laifi Inna Saude ba ta ce mata komai sai "'yar fawa". Shekara bakwai ba ta taɓa haɗa kalma uku da surukinta ba bayan "ina kwana". In ya bi ta tsakar gida juya baya take ta durƙusa.

Ta ji Hamman yana ɗaure jakarsa. Ta ji takunsa ya nufi zaure. Haka ta ji takun Lado ya tafi waccan Alhamis ɗin, da ya tsaya tambayar mai jiki.

"Baba Malam."

Kowa ya waiwaya. Baraka ce a tsakar gida, gwiwa biyu a ƙasa, mayafi ya rufe rabin fuska.

"Ke!" Inna Saude ta zaro ido. "Maza na magana? Koma ciki!"

"Baba Malam, an dakatar."

Malam bai dube ta ba, suruki ba ya kallon matar ɗa. Bango ya tambaya.

"Me aka dakatar?"

"Rubutun."

Faifan ya suɓuce daga hannun Inna Saude.

"Lahadi ya sha, Litinin ya sha. Duk wanda ya sha sai ya dawo da shi, yana kuka yana riƙe ciki. Ranar Talata da safe ya kama hannuna ya ce in yi wa Allah in bari. Tun daga ranar bai ƙara sha ba." Ta ƙara jan mayafi. "Yau kwana goma."

"Ƙarya kike!" Inna Saude ta yi kanta. "Da idona nake ganin kina shiga da ƙwarya cike, kina fitowa da ita wayam!"

"Haka ne, Inna."

"To ina kike kai shi? Zubarwa kike? Ayar Allah kike zubarwa a ƙasa, 'yar fawa? La ilaha illallahu! Ashe shi ya sa..."

"Ban zubar ba. Wallahi ko ɗigo ban bari ya taɓa ƙasa ba."

"To ina yake?"

"Ni nake shanyewa."

Hamman ya sauke jakarsa ƙasa.

"Allo uku kullum," in ji Baraka. "Kwana goma. Duk a cikina suke."

Hamman ya matso taku ɗaya. Ya san tambayar da ta rage, ya kuma san ba tambayar da namiji zai yi wa matar wani ba ce, balle a gaban surukinta.

Baraka ma ta san tambayar. Jama'a, ku da kuke hira da surukanku a waya kuna ƙyaƙyata dariya, ba za ku gane nauyin abin nan ba. A wancan zamanin mace ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige da ta bari surukinta ya san ma tana zagayawa bayan gida. Kakata ma da ta zo nan a labarin sai da ta rufe fuska, ita da ba ita ta faɗa ba.

Baraka ta kifa goshi a ƙasa.

"Baba Malam, ka yafe mini bakina. Ni da nake shan tawadar... ni ban ga baƙi ba. Ko sau ɗaya. Shi da bai sha ba, shi yake yi."

Inna Saude ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

"Wayyo ni Saude! A gaban surukinki? A gaban baƙo? Wane irin rashin ta ido ne wannan!"

Malam ya miƙa hannu ya dafa bango. A waje Lado ya sake danna oda. Da Malam ya yi magana, muryar ba tasa ba ce. Kuma a karo na farko ya juyo ya dube ta.

"Waccan Alhamis ɗin, da direba ya tsaya ya tambayi mai jiki. Kina ina?"

"Bayan zana."

"Kin ji abin da na ce masa?"

"Na ji."

"Me na ce?"

"Ka ce... ka ce ya wuce abinsa, sauƙi ya samu."

"A ranar kin san ba tawada ba ce?"

Baraka ta fashe da kuka.

"Ki ba ni amsa."

"Na san warin. Warin jinin da ya kwana ne, Baba Malam, da shi na tashi a gidanmu. Na yi ta ce wa raina ko sauran tawadar Litinin ce. Na ji tsoro. Na ce in na faɗa za a ce na raina rubutu, za a kore ni, wa zai kula da shi?"

"Kwana goma," in ji Malam. "Kina wucewa da kasko ta gabana. Ina tambaya, kina ɗaga kai. Ina cewa Allah ya ƙara."

Ya sake maimaitawa, a hankali, kamar mai bitar karatu.

"Jinin ɗana na zuba, ina ɗaga hannu ina cewa Allah ya ƙara."

Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na ɗan zaga.

"Amma ban bar shi haka ba!" Baraka ta ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe. "Wallahi ban bar shi ba magani ba. Ina ba shi na Turawa. Likita, ka gani, ga shi, ban taɓa fashi ba."

Ta kwance bakin zaninta da sauri, ta fito da wani ɗan gwangwanin sigari. Ta buɗe. Fararen ƙwayoyi ne a ciki, saura 'yan kaɗan. Ta miƙa wa Hamman da hannu biyu, tana dubansa kamar wadda ta kawo shaidar da za ta wanke ta.

Hamman ya ɗauki ɗaya ya juya. Fuskarsa ta sauya.

"Ina kika sami wannan?"

"Nasa ne. A kantin Riruwai yake saya. Tashi-ka-haƙa suke ce mata. Duk leburori ita suke sha in baya ya riƙe."

"Tun yaushe yake sha?"

"Tun bara. Da ya zama helma ya ƙara, don shi ke fara shiga rami, shi ke fita ƙarshe. Ya haɗa da goro ya wuce, ko karyawa ba ya yi."

"A nan gidan fa? Nawa kike ba shi?"

"Biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma. In ciwon ya tsananta in ƙara masa. Tana ɗan kwantar masa, likita, da idona nake gani."

"Ba abinci a cikinsa."

"Ba ya iya ci."

Hamman ya rufe ido.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Mene ne? Likita, mene ne? Ba maganin ciwo ba ne?"

"Sunanta asfirin. Maganin ciwon kai ce da ciwon jiki, gaskiya ne. Amma ga mai gyambon ciki guba ce. Ita take cin bangon tumbi, musamman in ba abinci. Kuma in jijiya ta ɓalle, ita take hana jinin daskarewa." Ya dube ta, ya rasa yadda zai sassauta. "Baiwar Allah, duk sanda gyambon nan ya so ya rufe, ƙwayar nan ce take sake buɗe shi."

Gwangwanin ya faɗi. Ƙwayoyin suka watse a ƙasa, wata kaza ta rugo tana tsattsaga.

Baraka ba ta yi ihu ba. Hannunta kawai take kallo.

"Ni ce?" ta ce. "Da hannuna?"

"Kin ji ko!" Inna Saude ta yi tsalle ta dire. "Malam, ka ji da kunnenka! Ta hana shi maganin Allah, ta ɗura masa guba! Yau ba za ta kwana a gidan nan ba. Ta tattara ta koma wa mahautan da suka haife ta!"

"Inna..."

Daga cikin ɗaki muryar ta fito, siririya. Inuwa ne.

"Inna, ni na sa ta. Ni na ce ta ba ni. Kada a taɓa ta."

Maganar ta cinye ɗan ƙarfin da ya rage masa. Suka ji numfashinsa yana fita da sauri da sauri.

Hamman ya daka tsawa, ya manta a gidan wa yake.

"Shari'a ta jira! Daga yanzu ba ƙwaya, ba kanwa, ba jiƙo, ba yaji. In ya nemi ruwa a jiƙa masa leɓe kawai. Kada a zaunar da shi, a kwance za a ɗauke shi, a ɗaga ƙafafunsa sama da kansa. Kuma sai 'yan'uwansa na jini sun bi mu, don a can za a nemi wanda jininsa zai dace." Ya juya ya durƙusa. "Malam, maganarka nake jira."

Iska ta taso ta kaɗa zana. Gari ya yi duhu ta gabas.

Malam ya dubi ƙwayoyin da ke ƙasa. Ya dubi yatsunsa, duk baƙin tawada. Sannan ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"A ciro ƙyauren zaure!"

"Malam, yarinyar nan fa?" in ji Inna Saude.

"Ita ta ba shi ba ta sani ba. Ni na hana shi mota ban sani ba. Wa zai kori wani?" Bai dubi Baraka ba. "Ke, ɗauko masa bargo. Da ke za a tafi. Ni ma da ni."

"Kai da ba ka taɓa shiga mota ba?" in ji Inna Saude.

"Jini aka ce ana nema. A jikina ya samo nasa."

Maƙwabta biyu suka shigo da ƙyauren, Lado na biye yana faɗa.

"Likita, yayyafi ya fara! Wallahi in muka ƙara minti biyar..."

Ya ga Inuwa, ya haɗiye sauran maganar, ya tuɓe hula ya kama gefe.

Suka shimfiɗa bargo a kan ƙyauren, suka ɗaga shi a hankali. Ba nauyi, wannan ne ya fi ba Lado tsoro. Baraka ta cusa matashi ƙarƙashin ƙafafunsa. Malam ya zagayo ta wajen kai. Tun Inuwa na cikin zanen goyo bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Yau ya sa tafuka biyu ya tallafi kansa.

Suka ratsa zaure, suka wuce allon da Malam ya jingina da bango, tawadar ba ta gama bushewa ba. Suna fita ɗigon ruwa na farko ya sauka a goshin Inuwa.

Bai ƙifta ba.

Hannunsa ya zame daga kan ƙirji, ya faɗo gefen ƙyauren yana lilo.

"Ku tsaya," in ji Hamman. "Ku sauke shi. A hankali!"

Suka sauke a ƙofar gida, motar na ruri a gefensu. Hamman ya ɗora yatsu biyu a wuyansa, ya sunkuyar da kunne kan bakinsa.

Malam ya durƙusa cikin ƙasa da farar rigarsa, kan ɗansa a hannu.

"Kai."

Shiru.

"Kai, ka ji ni? Ga mota nan. Tafiya za mu yi."

Shiru.

Baraka ta kama ƙafafun mijinta. Sanyi ƙalau. Ta dubi Hamman, Hamman bai ɗago ba, ya matsar da yatsunsa wani wurin yana lalube.

Malam ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Inuwa."

Inna Saude, da ke leƙe daga zaure, ta ɗora hannu a ka. Maƙwabtan suka sunkuyar da kai.

Ruwan ya ɓarke. Malam ya kifa fuskarsa daf da kunnen ɗansa, ya ɗaga murya yadda duk unguwar sai da ta ji.

"Inuwa! Ni ne. Inuwa, ka amsa mini!"